Bashin Wutar Titin Lagrange

Saura kaɗan Danika ta fasa rubuta sunanta. Ta riga ta ɗauki biron da aka ɗaure da zare a jikin teburin, ta ɗora bakinsa a kan takardar masu jiran kwamfuta, sai ta ga ashe bayan suna akwai gurbin da mutum zai faɗi abin da ya kawo shi. Na samanta ya rubuta "neman aiki". Na saman wancan ya rubuta "wasa". Ta tsaya tana kallon gurbin nata, dusar ƙanƙarar da ke kan takalminta tana narkewa a kan shimfiɗar laburaren.

"Bar wurin haka nan, 'yata, ba wanda ke karantawa," in ji matar da ke bayan teburin, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya. "Je ki kwamfuta ta shida. Minti talatin ne, amma yau ba mutane."

Danika ta rubuta sunan a hankali, harafi bayan harafi, yadda ta saba rubuta komai tun da ta bar makaranta tana da shekara goma sha biyar. Ta wuce ta zauna, ta ɗan karkatar da fuskar kwamfutar don kada mutumin da ke ta biyar ya gani.

Ɗaki ne ya kawo ta. Ciki da falo a saman shagon wani mai gyaran takalma a titin Sylvania, dala ɗari biyar da saba'in da biyar a wata, bas ɗaya zuwa gidan wankin da take ninke zannuwan asibiti. Jiya Litinin Mista Zielinski, mai kula da gidan, ya zagaya da ita ciki. Ya buɗe famfo, ruwan zafi ya zo. Ya ce kuɗin cike takarda dala arba'in da biyar ne, ba a mayarwa, kuma kamfanin da ke da gidan ba ya karɓar wanda makinsa na bashi, wato lambar da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, bai kai ɗari shida ba.

"Kin san naki?"

"Eh, yana da kyau," ta ce, idonta a kan famfon.

"To madalla. Zan riƙe miki zuwa jibi Laraba, ƙarfe goma sha biyu."

Ba ta taɓa ganin makin nan da idonta ba. Tun tana yarinya Mama ke gaya mata cewa duk ranar da mutum ya duba makinsa sai an rage masa biyar, don haka mai hankali ba ya dubawa. Da ta faɗi haka a wurin aiki, matan da ke kan injin guga suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a kan kwandon wanki. Suka ce wa ya gaya mata, duba naka ba ya rage komai, kuma kyauta ake dubawa. Ita dai abin da ta sani, ba ta taɓa cin bashin ko dala ɗaya ba. Ko asusun banki ba ta da shi. Amma dala arba'in da biyar rabin wunin aiki ne, ba ta so ta miƙa su a makance. Ga shi ranar Asabar dole ta tashi daga kujerar falon Rochelle, 'yar ƙanwar Mama, wadda haihuwarta ta matso, mai gidan da suke haya kuma ya aiko da takarda cewa an yi yawa a ɗakin.

Shafin farko da ta buɗe ya rubuta KYAUTA da manyan haruffa kore. Ta cike suna, ta cike ranar haihuwa, tana bin layin da yatsa. A ƙarshe ya nemi lambar katin banki, wai dala ɗaya kawai yau. Can ƙasa da ƙananan haruffa ta gano dala ashirin da tara kowane wata. Ta rufe. Na biyu ya ce ta shiga ta asusunta na banki. Na uku ya cika mata fuska da tallan motoci. Minti ashirin suka tafi.

Ba ta ji zuwan dattijuwar ba sai da ta ji ƙamshin man shafawarta.

"Maki kike nema?" matar ta tambaya ƙasa-ƙasa. "Bar waɗannan, 'yan kasuwa ne. Ga wanda doka ta ce su ba ki kyauta. Ba zai nuna makin ba, amma zai nuna duk abin da aka rubuta a kanki, daga nan ake samo makin." Ta sunkuya ta buga adireshin da yatsa biyu, sannan ta juya baya lokacin da Danika ke saka lambar shaidarta ta gwamnati.

Shafin ya ce zai yi mata tambayoyi don ya tabbatar ita ce. A wane titi cikin waɗannan kika taɓa zama? Ta zaɓi Lagrange, inda suka yi shekara uku ita da Mama. Shekara biyar da suka wuce kin buɗe asusu da wane irin kamfani? Ta zaɓi babu ko ɗaya. Wane kamfanin karɓar bashi ne ke riƙe da asusunki? Babu ko ɗaya. Ta danna.

Ba mu iya tabbatar da cewa ke ce ba.

Ta karanta sau biyu. Ta ji kamar an kama ta da kayan wani a jaka. Mutumin da ke ta biyar ya waigo, ya mayar da kai.

"Ni ce," ta ce wa dattijuwar. "Na rantse ni ce."

"Na sani." Matar ba ta yi mamaki ba, wannan ma ya fi damun Danika. Ta koma teburinta ta dawo da wani ƙaramin kati. "Cocin nan na titin Cherry, ɗakin ƙasa. Talata da Alhamis. Ki nemi Madam Odessa. Ba sa karɓar ko sisi."

Bas biyu ta hau. A ɗakin ƙasan cocin akwai kujerun ƙarfe a jere da tukunyar kofi da ta daɗe a kan wuta. Mutum huɗu ke gabanta, kowa ya rungume ambulansa, ba mai kallon wani. Ta ci burodin da ta ƙunso tun safe da sauri, ta ɓoye ledar a aljihu.

Madam Odessa babbar mace ce mai faffaɗar murya da farata jajaye. Ta karɓi katin shaidar Danika, ta sa ta sa hannu a takarda biyu, ta yi 'yan danne-danne. A bakin teburin, ta ɓangaren mai zuwa neman taimako, akwai kwalin takardar share hawaye da aka ci rabinsa.

"To, Danika Pruitt. Kina so a faɗa miki a tsaye, ko a zagaya?"

"A tsaye."

"Ɗari biyar da goma sha biyu."

Danika ta ce, "Amma ban taɓa..."

"Tsaya mu gani." Injin da ke gefe ya tofo takarda uku. Madam Odessa ta shimfiɗa su, ta ɗora jan farcenta a kan layi. "Kamfanin wuta, dala dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Kamfanin gas, ɗari shida da ashirin. Duka an sayar wa masu karɓar bashi. Gida mai lamba dubu biyu da sha huɗu, titin Lagrange. Kin san gidan?"

"Gidanmu ne."

"An buɗe asusun biyu a watan Nuwamba. Ke kuma kin cika sha takwas a Satumba." Madam Odessa ta cire hannunta daga takardar. Muryarta ta sauka. "Wa ke ajiye miki katin lambarki a lokacin?"

A cikin gwangwanin biskit na Mama yake, a saman firji, tare da takardar haihuwarta. Danika ta kafa wa farcen ido.

"Saurara, ƙanwata. In na zauna da mutum goma a ɗakin nan, uku wannan ce ta kawo su. An yanke wa uwa wuta, sunanta ya ƙone a wurin kamfani, ga sanyi ya shigo, ga yarinya da suna fes. Ba ke ce ta farko ba."

Maimakon maganar ta sanyaya mata rai, sai ta ji kamar an tuɓe su ita da Mama a tsakiyar titi. Ashe har lissafin irinsu ake da shi.

"Hanya biyu ce," in ji Madam Odessa. "Ko ki amsa cewa naki ne, mu zauna mu tsara yadda za ki biya kaɗan-kaɗan, makin ya riƙa tashi a hankali. Shekara ɗaya, biyu. Ko kuma ki je wurin 'yan sanda ki rubuta cewa an yi amfani da sunanki ba da saninki ba. Da takardarsu za a goge bashin cikin wata guda. Masu gidaje da yawa in sun ga takardar ma kawai sun yarda."

"Sai na faɗi wanda ya yi?"

"Akwai layin da ke tambaya ko kin san shi. Kuma rantsuwa ce, ba a ƙarya a ciki."

"Me za su yi mata?"

Kalmar ta riga ta fita. Madam Odessa ta yi kamar ba ta lura ba.

"Wani lokaci ba komai. Wani lokaci a kira mutum kotu. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba." Ta haɗa takardun, ta ɗora fom ɗin 'yan sanda a sama, ta zura su a ambulan. "Naki ne. Ba sai kin yanke yau ba."

Ƙarfe huɗu ta wuce lokacin da Danika ta hau matakalar gidan da Mama ke haya yanzu. Mama, wato Verlene Pruitt, ta dawo daga kicin ɗin makarantar firamaren da take raba wa yara abinci, ragar gashi tana kanta har yanzu, ƙafafunta a cikin robar ruwan ɗumi, talabijin na ta surutu.

"A'a! Yau wace rana? Hajiyar masu wankin asibiti da kanta!" Ta miƙo kumatu a sumbata. "Kin rame. Rochelle ba ta dafa abinci ne, ko cikin ya cinye tukunyar? Akwai taliya da cuku a firji, ɗumama. Kada ki taɓa kazar, ta gobe ce."

Danika ba ta cire rigar sanyinta ba. Ta zauna a hannun kujera.

"Mama, na duba makina."

"Haba, Nika! Ba na hana ki ba? To kin zubar da biyar a banza."

"Ba a rage komai. Ƙarya ce."

"Oho. Yanzu ni ce maƙaryaciya."

Danika ta ciro takardun ta ajiye a kan cinyar uwarta. Mama ta ɗaga su nesa da ido, ta ce ba ta gani sai da tabarau, kuma ba ta san inda ta ajiye shi ba. Tabarau yana nan a kan talabijin. Ba wadda ta tashi ta ɗauko.

"Titin Lagrange," Danika ta ce. "Wuta da gas."

Mama ta rage ƙarar talabijin. Ta ciro ƙafa ɗaya daga ruwan, ta mayar.

"Kuskurensu ne. Kullum sai sun haɗa sunayen mutane."

"Mama."

"To me? Me kike so in ce?" Muryar ta tashi lokaci ɗaya. "Wa ya yi wanka da ruwan zafin? Ni kaɗai? Wa ke kwana da hita a gindin gado, tana cewa Mama ƙafata ta daskare? Watan Nuwamba, yarinya! Sun zo sun cire mita da rana tsaka, maƙwabta na leƙe. Ubanki ya tafi da motar da kuɗin haya. Ki gaya mini sunan wa zan saka, na karen maƙwabta?"

"Da kin tambaye ni."

"Da kin ce a'a?"

Danika ta sunkuyar da kai. Da ba ta ce a'a ba. Ta tuna ranar da wutar ta dawo bayan kwana tara, yadda firji ya yi tari ya tashi, ita kuma ta yi tsalle ta rungume Mama tana cewa ta san za ta yi dabara. Ba ta tambayi wace dabara ba. Shekararta sha takwas, ba jaririya ba ce. Wasiƙu sun yi ta zuwa da sunanta, Mama tana cewa talla ne tana jefawa a shara, ita kuma ta bar su a talla.

"Na yi niyyar biya," Mama ta ce, yanzu a hankali. "Na biya wata huɗu. Sai aka rage mana awanni." Ta juya takardar ƙarshe, ta tsaya. Wannan ba ta buƙaci tabarau ba, tambarin 'yan sanda ne a samansa. "Wannan fa?"

"Na sami ɗaki a Sylvania. Sai da maki ɗari shida. In na kai musu wannan za su iya ba ni."

"In kin rubuta sunana."

"Eh."

Mama ta daɗe tana kallon fom ɗin. Ta zare ragar gashin daga kanta ta dunƙule ta a hannu. Danika ta ga yadda furfura ta cinye mata gaban kai, ta kawar da ido.

"Makaranta suna binciken mutum kowace shekara," Mama ta ce, kamar da talabijin take magana. "Ko tarar mota ce sai ka yi bayani." Sai ta yi wata 'yar dariya. "To rubuta mana. Verlene, da e a ƙarshe, kada ki ɓata mini suna a gaban hukuma. Me za su ƙwace, wannan kujerar? Su zo su ɗauka, dama ta ishe ni."

"Ban ce zan rubuta ba."

"Ban ce kada ki rubuta ba." Ta miƙa mata takardun ba tare da ta dube ta ba. "Ɗauki taliyar nan ki tafi da ita. Ɗauki kazar ma."

Danika ta fita ba ta ɗauki komai ba. A matakala ta ji an ƙara ƙarar talabijin fiye da yadda take ɗazu.

Washegari ta roƙi a ba ta awa biyu a wurin aiki. Ƙarfe tara ta sauka a titin Sylvania. Mai gyaran takalma yana ɗaga ƙofar shagonsa, ya gaishe ta kamar ta riga ta zama maƙwabciya. Mista Zielinski yana ƙaramin ofishinsa a bayan ginin, da kofi a hannu da tulin makullai a ƙugu.

"Ga mai ɗakin sama! Kin zo da arba'in da biyar ɗin?"

"Na zo da wannan tukuna." Ta ajiye takarda ukun a gabansa. "Shekaranjiya na ce maka makina yana da kyau. Ban sani ba na faɗa. Ga shi nan, ka gani kafin in biya."

Ya ajiye kofin. Ya karanta a tsanake, yana motsa leɓe. Ya duba ranar haihuwarta a sama, ya duba watan da aka buɗe asusun, ya ɗaga ido ya dube ta ta saman tabarau. Shekara talatin yana karɓar haya, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Wuta da gas, wata biyu da cika sha takwas," ya ce. "Ji nan, yarinya. Ni ba ni da ta cewa, kamfani ne, kuma ɗari biyar da sha biyu ba za ta wuce ba. Amma in wani ne ya yi da sunanki, kawo mini takardar 'yan sanda. Da ita zan iya tsaya miki. Juma'a ki karɓi makulli." Ya ɗan jira. "Naki ne bashin?"

Fom ɗin yana cikin aljihun rigarta, a ninke huɗu. Tana jin gefensa a jikin haƙarƙarinta.

"Nawa ne," ta ce.

"Kin tabbata?"

"A gidan nake. Ni na sha wutar."

Mista Zielinski ya sosa ƙeya. Ya haɗa takardun, ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya miƙa mata da hannu biyu.

"To Allah ya ba ki wani. In kin gyara, ki dawo. Ɗakuna ba sa ƙarewa."

A tashar bas iska na yanka fuska. Ta juya wa ginin baya don kada ta ga tagar saman. Ta ciro waya ta kira, aka ɗauka tun kafin ta gama ƙara na farko. Tana jin ƙarar faranti da hayaniyar yara a bayan muryar.

"Nika? Ya aka yi?"

"Sun riga sun ba wani, tun jiya da yamma," ta ce. "Ko takardun ma bai duba ba."

Wani ya kira Verlene daga nesa, Mama ta ce tana zuwa.

"To," Mama ta ce. "To. Dama unguwar nan ba ta da kyau, ana fasa motoci." Ta yi gyaran murya. "Ranar Asabar ki kawo kayanki nan. Ƙaramin ɗakin nan na baya, na kwashe kwalayen da ke ciki. Tun ƙarfe biyar na safe nake fama, bayana kamar zai tsinke."

Tun ƙarfe biyar. Danika ta duba agogon wayar, tara da minti ashirin. Awa huɗu kafin ita kanta ta san abin da za ta faɗa wa Mista Zielinski.

"Kina ji na, Nika?"

Bas ya kunno kai daga kwana, yana watsa ruwan ƙanƙara a gefen titi. Ta laluba aljihu tana neman katin shiga.

"Ina ji, Mama," ta ce. "Wane lokaci zan same ki a gida?"